Yadda za ku kafa bankin garinku da tallafin gwamnati ba tare da ya zama ganima ba

Duk inda aka taso da zancen rashin aikin yi a garuruwanmu abin da zaka fara ji shine gwamnati ta buɗe banki ta raba wa matasa jari, toh ni dai a wajena wannan maganar rabinta gaskiya ce, rabin kuma ita ce take kashe mana bankuna tun zamanin Babangida. Gwamnati tana da rawar da zata taka kam, babba ma, amma sai in ta zo ta tarar da mutanen gari sun riga sun zuba nasu kuɗin suna gadinsa. In ita ce ta fara zubawa shikenan an gama, kowa zai ce rabonsa ne ya tsaga.

Bari in ɗan tuna mana baya kaɗan saboda yaran yanzu suna ɗauka sabon abu ne. A 1989 aka kafa People's Bank don a ba talaka bashi ba jingina, Tai Solarin ne ma shugabansa na farko, zuwa 2000 an narkar da shi cikin bankin manoma wanda yanzu ake kira BOA mai hedkwata a Kaduna. A Disamban 1990 aka buɗe bankin al'umma na farko a ƙasar nan, Alheri, a Tudun Wadan Kaduna, kafin kace me sun haura 1,000 a faɗin Najeriya, kuma da yawansu sun durƙushe. A 2005 CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta fito da tsarin maikurofainans, ƙananan bankunan ba da rance ga masu ƙaramin ƙarfi, tace duk bankin al'umma ya rikiɗe ko ya rufe, a 2010 ta soke lasin guda 224, a watan Mayun 2023 ta sake soke 179. Mu nan Kano a zangon Kwankwaso na biyu gwamnati ta kafa guda 37 a ƙananan hukumomi, niyya mai kyau wallahi, amma kowa ya san da yawansu basu yi ƙarko yadda aka so ba. Kuma buƙatar tana nan bata je ko'ina ba, binciken 2023 na EFInA, ƙungiya mai nazarin harkar kuɗi, ya nuna kashi 26 cikin 100 na baligan 'yan Najeriya basa hulɗa da kowace irin harkar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 47. Kusan rabinmu kenan fa.

Toh ya za'a yi? Ga yadda nake ganin hanyar.

Kada ku fara da banki, ku fara da ƙungiya

Na san wannan ba zai yi wa masu gaggawa daɗi ba. Amma garin da ya kasa riƙe adashen mutum 50 na shekara guda ba rigima, ba zai iya riƙe banki ba ko nawa aka bashi. Ku tattara masu sana'a na gaske, 'yan kasuwar hatsi, mahauta, teloli, masu walda, mata masu ƙuli da man gyaɗa, 'yan a-daidaita-sahu, ku yi ƙungiyar gama kai ta tara kuɗi da ba da rance, ku je sashen ƙungiyoyin gama kai na jiharku ku yi rajista ku karɓi satifiket. Ba ya buƙatar lasin CBN, sai dai ku sani iyakarku mambobinku, ba ku da ikon karɓar ajiyar wanda ba mamba ba kuma kada ku kuskura ku rubuta banki a jikin allon ofis, laifi ne a doka ana kama mutum a kai.

Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, duk sisin da ya shigo a rubuta, duk wanda ya fita a rubuta, mai karɓar zubi daban mai riƙe littafi daban. Wannan littafin shine dukiyarku ta gaske, domin bayan shekara ɗaya ko biyu shi zai gaya muku waye mai biya waye mai labari, wane wata kuɗi ke shigowa gari wane wata kowa ke neman rance, kuma ranar da kuka zauna gaban kwamishina ko jami'in CBN shi zaku ajiye a tebur maimakon dogon turanci. Wasu garuruwan ma gaskiya a nan ya kamata su tsaya, ba kowane gari ne yake da cinikin da zai ɗauki nauyin banki da albashin ma'aikatansa ba, kuma ba abin kunya bane.

Lasin da kuɗin da ake nema

In ƙungiya ta yi ƙarfi kun ga kuna so ku karɓi ajiyar kowa da kowa, sai maganar lasin. Tun 2019 CBN ta kasa maikurofainans gida huɗu. Akwai na ƙasa baki ɗaya jarinsa naira biliyan 5, na jiha biliyan 1, na unguwa a cikin birni miliyan 200, sai na karkara ko inda babu bankuna sosai shi kuma miliyan 50. Wannan na ƙarshen shine naku in dai ƙaramar hukuma ce ta karkara, yana da damar buɗe reshe guda bayan babban ofis a cikin ƙaramar hukumar. Kafin ku fara tara kuɗi wani ya shiga shafin CBN ya sauko da ƙa'idar da take aiki a lokacin, saboda suna sabunta ta.

Miliyan 50 tana da ban tsoro a baki amma ku raba ta ku gani, mutum 1,000 kowa ya sayi hannun jarin 50,000 an gama, ko mutum 5,000 kowa 10,000. Garin da ke cin kasuwa duk mako ana sauke tireloli ba zai ce bashi da wannan ba. Sai dai fa wannan mafi ƙaranci ne kawai, za'a ajiye shi a wajen CBN har sai an gama tantance ku, kuma zasu tambayi asalin kuɗin kowane mai hannun jari, basa yarda da kuɗin da aka ranto. Bayan shi akwai kuɗin rajistar kamfani a CAC, rahoton nazarin yiwuwar kasuwancin wanda sai kun biya ƙwararre ya rubuta, ofis, kwamfutoci, manhajar banki, sola, masu gadi, da albashin aƙalla shekara guda kafin a fara ganin riba. CBN tana fara ba da amincewar wucin gadi, ku je ku shirya ofis da ma'aikata, su zo su duba, sannan lasin na dindindin. Yana ɗaukar lokaci, duk wanda yace muku ya san wani a ciki zai fito da shi cikin sati biyu ku riƙe aljihunku.

Akwai wata gajeriyar hanya, in akwai tsohon banki a garinku wanda lasinsa na nan da rai amma ya kwanta, ana iya saye a farfaɗo da shi da amincewar CBN. Amma dan Allah kafin ku sa hannu ku ɗauko odita naku na kanku ya tona littattafan, basukan da suka mutu, ajiyar mutane da ake binsa, albashin da ba'a biya ba, duk kanku zasu dawo.

Wajen sayar da hannun jari ku baza shi sosai. Alhaji guda ɗaya zai iya cewa ku bari in biya rabi, ku yi masa godiya ku ce a'a, domin gobe in ƙaninsa ya ci bashi ya ƙi biya babu mai iya buɗe baki. Ku nemi 'yan garinku da ke Legas da Abuja da Fatakwal, waɗannan da basa zuwa sai da sallah, sune suka fi saurin saye in sun ga tsari. Ku ware wa mata kaso da gangan kuma ku bi su har gida ta hannun mata 'yan uwansu, kada ku ce su zo taro a ƙofar fada. Hakimi ko sarki a bashi girmansa na uban tafiya, ya sa albarka ya yi sulhu in an samu saɓani, amma kada a sa shi a kwamitin ba da bashi, kare mutuncinsa ne ma hakan. Daraktoci mutum 5 zuwa 7 ne a ƙaramin banki irin wannan, ku tabbata a cikinsu akwai waɗanda suka taɓa aikin banki ko akanta, manaja kuma a ɗauke shi da jarrabawa da intabiyu ko da ba ɗan garin bane.

Abin da zaku roƙa a wajen gwamnati, da wanda zaku ƙi karɓa

Nan ne zan daɗe domin nan ake faɗuwa.

Akwai wata jiha a Amurka, Dakota ta Arewa, manoma ne suka fusata da yadda bankunan manyan birane ke tsuga musu kuɗin ruwa sai suka sa jihar ta kafa bankinta a 1919, yana nan har yau. Abin da ya burge ni da tsarinsu shine bankin jihar baya bin ƙananan bankunan gari yana ƙwace musu kwastoma, kuɗaɗen jihar ake ajiyewa a cikinsa bisa doka, shi kuma in ƙaramin banki ya samu manomi ko mai masana'anta da ke son bashin da ya fi ƙarfinsa sai bankin jiha ya ɗauki wani kaso na bashin. Wanda ya san mai cin bashin shi ke zaɓa, shi ke bibiya, gwamnati tana baya tana tokare. Ba cewa nake mu kwafo su ba, mu ma mun taɓa yin Bank of the North na jihohin Arewa wanda ya ƙare a cikin Unity Bank lokacin haɗe bankuna, amma wannan rabon aikin shine abin ɗauka.

Saboda haka in kun samu ganin ciyaman ko kwamishinan kasuwanci ko gwamna, abu na farko da zaku nema ba kyauta bace, ku ce a riƙa biyan albashin wasu ma'aikatan ƙaramar hukuma ta bankinku, malaman firamare, ma'aikatan asibiti, masu shara. Doka ta yarda maikurofainans ya yi wannan. Amfaninsa biyu ne, kuɗi na kwana a bankin duk wata, sannan ma'aikaci in ya ci bashi daga albashi ake cira babu guje-guje. Haka kuɗin haraji na kasuwa da tasha ana iya tattarawa ta hannunku. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye wannan maganar ta ƙara samun ƙafar tsayawa, duk da dai kowa yana ganin yadda aiwatarwar ke jan ƙafa.

Na biyu asusun lamuni. Wato jiha ta ajiye wani kuɗi a gefe da yarjejeniya a rubuce cewa in banki ya ba sabon mai sana'a bashi ya bi duk hanyar karɓowa abin ya gagara, asusun zai biya wani kaso, misali rabi, banki ya ɗauki sauran. Kada ku yarda a ce gwamnati zata biya duka ko da sun yi tayi, ranar da ma'aikacin banki ya san babu asarar da zata taɓa shi ranar zai daina bincike. Wannan ba baƙon abu bane, tun 1977 akwai asusun lamunin bashin noma na tarayya da CBN ke kula da shi wanda ke ɗaukar har kashi 75 na abin da ya maƙale. Kyan wannan tsarin shine mai cin bashi kuɗin banki ya karɓa, kuɗin maƙwabcinsa da na gwaggonsa, ba kuɗin gwamnati ba, kuma ba sai an yi shela a rediyo cewa akwai lamuni ba.

Na uku kuɗin juyawa. Tsarin maikurofainans na CBN tun 2005 ya shawarci jihohi su ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafinsu don ba da ƙananan rance ta hannun irin waɗannan bankuna, ku je da wannan a rubuce ku tuna musu. Amma ya shigo a matsayin bashi ga banki mai wa'adi da sharaɗi, banki ne zai zaɓi wanda zai ba. Daga sama kuma akwai bankin raya ƙasa DBN da ya fara aiki a 2017 wanda baya ba mutum bashi kai tsaye sai ta hannun bankuna, akwai bankin masana'antu BOI da ke yin asusun haɗin gwiwa da jihohi, sai dai waɗannan sai bankinku ya yi shekaru yana da littafi mai tsafta kafin su kalle ku. Kada ku gina lissafinku a kan shirye-shiryen tallafin CBN irin na da, tun ƙarshen 2023 sabon shugabancin bankin ya dakatar da karɓar sabbin buƙatu a kansu.

Na huɗu wanda mutane ke mantawa kuma a wajena yafi duka samar da aiki, gwamnati ta zama mai saye. Kayan makaranta na ɗalibai, bencina da tebura, ƙofofi da tagogin azuzuwa, abincin makarantun kwana, maimakon a ba ɗan kwangila ɗaya ya je ya sayo daga wani wuri a ba ƙungiyar telolin gari da kafintoci da masu walda, banki ya basu kuɗin kayan aiki bisa takardar odar, in gwamnati ta tashi biya ta biya ta asusunsu na bankin a cire bashi a basu sauran. Hatsarinsa ɗaya ne kuma babba, gwamnati ta ƙi biya da wuri, don haka kada banki ya zuba fiye da ɗan ƙaramin kaso na kuɗinsa a nan, kuma in an samu a karɓi kafin alƙalami.

Sauran ƙananan abubuwa, fili ko tsohon ginin gwamnati da ba'a amfani da shi, kuɗin horar da ma'aikata, 'yan sanda a ƙofa ranar kasuwa, duk ku karɓa.

Abin da zaku ƙi kuwa, ko da za'a ji haushi, shine lis. Takardar sunaye daga ofishin jam'iyya ko daga kansila cewa waɗannan a basu. Sai naɗa muku manaja daga sama. Sai bikin ƙaddamarwa da rumfuna da maroƙa da ƙaton cek na kwali ana ɗaukar hoto, wallahi duk bashin da aka raba a irin wannan taron ka ɗauka sadaka ce. Mun gani a shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, an fitar da sama da tiriliyan 1, shinkafa ta samu ba'a musu, amma maganar nawa aka biya har yau ana cece-kuce. Mun gani a bashin korona na bankin NIRSAL a 2020, mutane da yawa sun karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa sai da aka fara zare musu kuɗi daga asusunsu na wasu bankuna sannan ido ya raina fata. In gwamnati tana son ta sayi hannun jari ta saya kaɗan, dama ƙa'idar CBN tace cikin shekara 5 ta sauke kasonta zuwa kashi 10, ku riƙe wannan a matsayin garkuwa, in an matsa muku ku ce ba mu bane CBN ce.

Maganar riba

A garuruwanmu in baku warware wannan tun farko ba, mutanen kirki masu biyan bashi sune zasu ƙaurace muku, a bar ku da waɗanda basu damu ba. Tun 2017 CBN tana da ƙa'idar maikurofainans marar kuɗin ruwa, kuma akwai masu yi, Tijarah a Bauchi misali, ga manya irinsu Jaiz da ya fara a 2012 da TAJ a 2019 da zaku iya ajiye kuɗinku a wajensu. Ku yanke shawara tun wajen neman lasin, kuma ku san zaku buƙaci kwamitin malamai masana harkar da zai riƙa duba kwangilolinku.

A aikace ga yadda yake. Mai niƙa na son inji, a misali kuɗinsa 800,000. Banki ba zai miƙa masa kuɗi ba, zai je ya sayi injin ya zama nasa, sannan ya sayar masa 920,000 ya biya 92,000 duk wata har wata 10, farashi ya tsaya a nan ko da ya makara ba'a ƙara masa don banki ya ci. Murabaha kenan. A-daidaita-sahu ko injin ban ruwa ana iya yin ijara, haya har ya mallaka. Manomi kuma salam, a biya shi kuɗin buhu kaza yanzu ya kawo amfanin da kaka. Ko da ba don addini ba ni na fi son wannan tsarin a wajenmu saboda dalili guda, kuɗi baya shiga hannu balle a karkatar da shi zuwa kayan lefe ko biyan wani tsohon bashi. In kuma na ruwa kuka zaɓa toh ku faɗa wa mutane gaskiyar lissafi, kashi 4 a wata da ake faɗa da sauƙin baki kashi 48 ne a shekara.

Wa za'a ba in ana son aiki ya samu

Raba wa mutum 1,000 naira dubu goma-goma irin na shirin TraderMoni na gwamnatin tarayya yana rage raɗaɗi na kwana biyu amma baya ɗaukar ko yaro ɗaya aiki. Aiki yana fitowa ne daga mai sana'ar da kasuwa ta riga ta fi ƙarfinsa, yana mayar da masu saye saboda bashi da kayan aiki ko jarin sayen kaya.

Ka je Kura ko wani garin shinkafa da safe ka tsaya a ƙofar gidan da ake gumi. Kafin hantsi an sauke buhunan shanshera daga kura, mata biyu suna kan tukwane suna juyawa hayaƙi na cin idonsu, wasu suna baza wadda aka sauke a kan tabarmi da leda a rana suna bi da ƙafa suna motsawa, yaro na korar kaji da awaki, anjima mai kura ya dawo ya kwashe zuwa injin casa, can akwai mai zuba wa inji, mai tare buhu, mai ɗinke baki, masu tsince tsakuwa, mai awo da tiya a hannu, ɗan dako, sai direban da zai kai Dawanau ko wata kasuwar. Uwar gidan nan da ke juya buhu 5 a mako in ta samu jarin buhu 15 da babbar tukunya da wajen shanya na siminti, duk mutanen nan aikinsu ya ninka kuma sai ta ƙara hannu. Bashi ɗaya ne amma ka ƙirga bakin da ya ci. Ita ce kwastomarku, ba saurayin da ya zo da fayil mai kyau yana cewa yana son ya fara kiwon kifi bai taɓa riƙe ko tarwaɗa ba.

Kowane gari ya duba abin da Allah ya hore masa, masu albasa irin Aliero matsalarsu wajen ajiya ne don kada su sayar da arha lokacin kaka, masu tumatir na Kadawa kwanduna da mota da busarwa, garin da ke da kasuwar dabbobi irin Wudil ko Maigatari kiwon turka na wata uku zuwa huɗu kafin babbar sallah, masu takalma irin na Ƙofar Wambai injin ɗinki da fata. Ku zaɓi sana'a biyu ko uku ku san su ciki da bai, amma kada ku zuba komai a noma kaɗai, damina ɗaya in ta ƙi ko ambaliya ta zo bankin ya tafi da ita.

Matasa marasa sana'a fa? Ta hannun masu gidansu za'a bi. A ba mai walda ko tela ko makanike bashin ƙarin inji da sharaɗin zai ɗauki yara biyu ko uku, in yaro ya ƙware aka yaye shi ubangidan ya tsaya masa a bashi nasa kayan aikin. A nan ne kuɗin horarwa na gwamnati ya kamata ya shiga, a biya wa yaran kuɗin mota da abinci na watannin koyo, maimakon a tara su a ɗakin taro kwana uku a basu satifiket. Kuma lokacin biya ya dace da sana'ar, mai shago duk mako ranar kasuwa, manomi bayan girbi, mai turka bayan sallah, in ka ce manomi ya fara biya wata ɗaya bayan shuka kai ka tura shi ya sayar da takin.

Karɓo bashi

Kafin a ba kowa a duba BVN ɗinsa a kuma bincika a hukumomin tattara bayanan masu bashi ko wani na binsa. Jami'i ya je shagon da ƙafarsa ba tare da sanarwa ba, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyarsu. A fara da kaɗan, wanda ya biya a ƙara masa. Masu ƙaramin ƙarfi a haɗa su rukuni na mutum biyar zuwa goma su zaɓi junansu da kansu su tsaya wa juna, kada banki ya haɗa su. Ba dole sai takardar fili ba, tun dokar 2017 ana iya jinginar da inji ko babur ko dabbobi a yi musu rajista a rumbun rajistar jingina na ƙasa.

Ranar da mutum ya makara a ranar za'a kira shi, ba bayan wata ba. A bambance wanda gobara ko rashin lafiya ta same shi, wannan a zauna a sake masa jadawali, da wanda yake da shi ya ƙi, wannan a bi matakai har kotu ko ɗan waye. CBN tana son basukan da suka makara kada su wuce kashi 5 na duk abin da aka bayar, ku sa wannan lambar a gaban daraktoci duk wata. Kuma abin da ya fi kashe bankunan al'umma na da ba talakawa bane, daraktoci ne da 'yan uwansu da suka ɗebi bashi suka zauna a kai, don haka duk bashin da ya shafi darakta ko manaja ko danginsu a karanto shi da suna a babban taron shekara.

A taron nan kuma kada a tsaya kan riba kaɗai. Tun ranar cike fom a rubuta mutum nawa ke aiki a wajen mai neman bashi, bayan shekara jami'i ya koma ya ƙirga da idonsa, wannan lissafin zaku kai wa duk gwamnatin da ta zo ku ce ga abin da lamuninku ya haifar. Ku yi ƙoƙari yarjejeniyarku da jiha ta zama doka ta majalisar jiha ko aƙalla takarda mai sa hannun ma'aikatar shari'a, saboda sabon gwamna yana iya watsar da duk abin da ke ɗauke da hoton na baya, shi yasa ma kada ku sa wa bankin sunan ɗan siyasa ko launin jam'iyya, sunan gari ya isa. Shekarar zaɓe ku rage ba da sabbin basuka ga waɗanda baku sani ba.

Masu ajiya kuma zasu tambaye ku in bankin ya rushe fa, kuma suna da gaskiya don sun sha gani. Ku nuna musu takardar NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya, a manne a bango, tun 2024 inshorar ajiya a maikurofainans ta tashi daga 200,000 zuwa naira miliyan 2 ga kowane mai ajiya. Ku gaya musu kuma wannan na masu ajiya ne a banki mai lasin, bai shafi kuɗin hannun jari ba kuma bai shafi zubin ƙungiyar gama kai ba, gara su sani tun kafin su sa hannu.